Saniyar Jalo Za Ta Koma Garwa

Saniyar ta zura kai ta tagar ofishin ba da takardar ƙetare iyaka, ta huro wa Malam Ɗanlarai akawu numfashi a wuya. Yero, wanda ya zo da ita, bai tsawata mata ba. Tun hantsi yake tsaye, ya taso daga Zungur da ƙafa, ga damina ta kusa rufe hanya.

Akawun ya sake yi masa bayani. Tunda aka sami 'yancin kai, in ji shi, an daidaita da mutanen Kamaru: mutum ya wuce da takarda, dabba kuma ta wuce a ɗayan biyu, ko ta sayarwa, ko ta kiwo wadda za a komo da ita. Babu na uku.

Yero ya ce tasa ta ukun ce. Shekarar da ciwon bushiya ya share masa garke, amininsa Jalo na Garwa, can cikin Kamaru, ya koro masa ita tana karsana, bisa al'adar Fulani: ka riƙe, ta haifa maka 'yan maruƙa, su zama naka, ka mayar da uwar. Ta gama haihuwar. Jalo kuwa ya tsufa, an ce ba ya ko fita rumfa. Wanda ya bari mai saniya ya mutu tana hannunsa ba ya sake ɗaga kai a cikin mutane.

Malam Ɗanlarai ba mugu ba ne, irin mutanen nan ne da ke ganin ƙarya ƙarama ba ƙarya ba ce. Ya rage murya, ya ce a rubuta kiwo, in Yero ya komo sai ya ce ta mutu a can.

"Malam, in kashe saniyar mutum da bakina tana tsaye tana jina?"

"To Baffa, a sa ta sayarwa."

"A wace kasuwa ake sayar da amana?"

Akawun ya ajiye alƙalami, ya ce shi dai doka yake bi. Yero ya tambaye shi abin da dokar ta ce a yi da baƙon da ya shigo ba takarda. Akawun ya ce mayar da shi ƙasarsu ake yi.

"To ga ta nan. A Garwa aka haife ta, ba ta da takarda. Ku kore ta. Ni ɗan rakiya ne."

Masu jira a bakin ƙofa suka tuntsire da dariya. Akawun ya daɗe yana duban saniyar, sannan ya rubuta takardar mutum ɗaya, ya buga hatimi. Ya ce a iyaka za su tambayi abin da ya fitar daga Nijeriya.

Yero ya fita, ya kwance igiyar wuyan saniyar, ya dawo ya ɗora a kan teburin.

"Wannan ce kaɗai taku. A Kasuwar Wunti na saya."

Ya kama hanyar gabas bai waiwaya ba, ita kuma ta bi bayansa.