Tambaya ta Bakwai

Shagona yana Gawon Nama, tsakanin mai gyaran fanka da mai sayar da katin waya. Kwamfuta ɗaya ce, sai firinta, sai injin fotokwafi wanda ba ya aiki sai an mare shi a gefe. Shekara shida ina buga wa mutane takardu, kuma in faɗi gaskiya ba na karanta abin da nake bugawa. Ido ya ɗauka, yatsu su sauke, shi ke nan. Da wani zai miƙo mini takardar sakina, da na buga ta tsaf na tambaye shi kwafi nawa yake so.

Cikin masu kawo mini aiki babu tsayayye kamar Mista Joshua. Tsohon malamin sakandare ne, mutumin kudancin Kaduna, amma ya fi shekara arba'in a Sakkwato. Bayan ya yi ritaya ya buɗe lesin a rumfar ƙofar gidansa don masu shirin jarrabawar fita. Duk Litinin yakan rubuta tambayoyin gwaji guda ashirin: ilimin akanta, harkar kuɗi, tattalin arziki, lissafi, kimiyya, duk a takarda ɗaya. Yana da wata ɗabi'a da kowa ya san shi da ita. Ba ya rubuta "wani mutum ya sayi buhun gero". Sai ya sa sunan mutanen unguwa, wai yaro ya fi buɗe kai in ya ga maƙwabcinsa a cikin lissafi. Mutane har jin daɗi suke yi. Mai gyaran fanka ya taɓa yin fushi na wata guda don ba a sa shi ba.

Bara ɓarin jikinsa ya shanye. Baki ya tafi, ƙafa ta tafi, hannun dama kawai ya rage. 'Yarsa Grace, ita ma malama ce, ta karɓi lesin ɗin, amma tambayoyin har yanzu shi yake rubutawa daga kan gado, ita kuma ta kawo mini in buga kwafi arba'in. Ranar Laraba ɗalibai su zauna su warware.

Rabi mai ƙosai ce ta fara buɗe mini ido. Wata Asabar ta shigo da takardar 'yarta a hannu, tana dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba.

"Rahama, diba man lamba ukku," in ji ta. "Ɗiyata ta karanta min ita tun ran Laraba, munka yi ta dariya."

Da Turanci Mista Joshua yake rubutu, amma ga abin da tambayar ta ce: rijiyar gidan Rabi zurfinta mita ashirin. In ragonta ya faɗa daga baki, daƙiƙa nawa zai yi kafin ya taɓa ruwa?

"To mi ya hwaru?" na ce.

"Jiya yah hwaɗa. Ragon da nike kiyo tun bara. Rijiyar ga kullum ruhe take, ban san wa ab buɗe ta ba."

Na ce mata sa'a ce kawai, na ba ta haƙuri, ta tafi. Amma da rana ta yi, shagon ya yi shiru, sai na buɗe tsofaffin takardun na fara karantawa, karo na farko a rayuwata. Akwai tambayar tattalin arziki ta wata biyu baya: in gobara ta cinye rabin geron da ke shagon Alhaji Zulkifilu, me zai sami farashi a kasuwa? Na tuna hayaƙin nan, har unguwarmu ya zo. Na duba kwanan wata. Takardar ta riga gobarar da kwana huɗu. Akwai ta kimiyya a kan wayar wuta da ta tsinke a layin makaranta. Ita ma haka. Ba duka ashirin ke faruwa ba, yawancinsu shirmen riba da ragi ne. Amma kowane mako akwai guda ɗaya, kuma mai rubuta su ya yi wata takwas bai leƙa ko tsakar gida ba. Na ji tsoro, tsoron da ke sa mutum ya waiga alhali ya san bango ne a bayansa.

Litinin ta zagayo, Grace ta ajiye takarda ta wuce makaranta. Wannan karon na karanta kafin in taɓa kwamfuta. Na ɗaya lafiya, na biyu lafiya. A ta bakwai na tsaya.

Ranar Alhamis Hamza ya bar Dundaye da ƙarfe huɗu da rabi a kan mashin, yana gudun kilomita arba'in a awa. A daidai lokacin tipar yashi ta taso daga cikin gari, nisan kilomita goma sha biyar, tana gudun hamsin. Hanya ɗaya suke bi, hannu ɗaya. Bayan minti nawa za su haɗu?

Hamza mijina ne. Duk Alhamis yakan je Dundaye ya ɗauko wa manoma attarugu da albasa zuwa kasuwa, kuma bayan la'asar yake tasowa. Ni da na faɗi lissafi sau biyu a jarrabawa, ko minti ɗaya ban yi ba na fitar da amsa. Minti goma.

Na rufe shago da tsakar rana na nufi gidan Mista Joshua. Na tarar Grace ta dawo, tana ba shi kunu da cokali. Ɗakin fes, yana warin man zafi. Yana kwance, idanunsa a silin. An ɗora masa katako a kan ciki, da takarda, kuma hannun daman nan yana tafiya a kanta a hankali, layi bayan layi, rubutu miƙe kamar an ja shi da rula. Ko sau ɗaya bai kalli takardar ba.

Na durƙusa na gaishe shi. "Baba, ina wuni? Rahama ce mai buga takardu. Don Allah Baba, lamba bakwai. Mijina ne, Baban Fatima. Ka canza ta."

Hannun ya tsaya. Na ɗauka ya ji ni. Hawaye ya gangaro daga idonsa na hagu, ɓangaren da ya mutu, ya shige kunne. Sai hannun ya ci gaba daga inda ya tsaya.

Grace ta jawo ni waje. Ba ta tambaye ni me nake nufi ba, nan na gane ta daɗe da sani.

"Kin ɗauka ban gwada ba?" ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa. "Ta gobarar nan, ni da kaina nis soke ta kahin in kawo miki. Wani satin tad dawo, ita ce lamba ɗaya. Na ɓoye biro, yaƙ ƙi cin abinci kwana ukku. Na kai ma fasto, anka yi addu'a. Rahama, Baba bai taɓa cutar ko kaza ba. Ban san abin da ka riƙe hannun nan ba."

Da Hamza ya dawo cin abinci na ajiye masa takardar kusa da kwano. Ya saurare ni har ƙarshe, ya suɗe hannu, sannan ya yi dariyar da ta sa na ji kamar in kifa masa miyar a ka.

"Ke dai Allah shi shirye ki. Mutumin da ba ya iya ɗaga cokali, shi as san ajalina? Ki yi istigfari, wanga zance bai kamace ki ba."

"Baban Fatima, Alhamis guda dai. Ka zamna gida."

"Attarugun mutane shi ruɓe don takarda? In na zamna wagga, waccan hwa? Haka za ni ƙare rayuwa cikin ɗaki?"

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa na ƙara jin haushinsa. Istigfari kam na yi, na ƙara. Amma Talata da safe ga ni gaban kwamfuta, tambaya ta bakwai tana kallona. In na cire ta, za ta dawo wani mako. In na ƙi buga takardar, Grace za ta kai wani shago, inda babu wanda ya san Hamza.

To, aikinmu yana da wata dabara da hannu ya saba da ita har ba ya shawara da kai. Wani ya zo neman takardar neman aiki, ba sabuwa muke rubutawa ba. Ta wanda ya zo jiya za mu buɗe, mu goge sunansa, mu sa na wannan, mu buga. Takardar haya haka, katin ɗaurin aure haka. A rana nakan yi sau goma. Suna kawai ake taɓawa, saura a bar shi yadda yake. Abin da na yi ke nan. Na goge Hamza, na zauna ina laluben sunan da ban san mai shi ba. Na bi dangina kaf, na bi na Hamza, na bi unguwa gida-gida. Babu Jelani ko ɗaya. Na rubuta Jelani, na buga kwafi arba'in. Grace ta karɓa ba ta duba ba, ko kuwa ta duba ta yi shiru, ban sani ba. Ranar Laraba da na wuce ta rumfar, na ji ɗalibai suna amsawa baki ɗaya: minti goma.

Alhamis ban iya buga ko harafi ba. Na zauna ina kallon agogon kwamfuta. Huɗu da rabi. Biyar saura ashirin. Na kira wayar Hamza, tana shiga ba a ɗauka. Na kira har sau tara. Ana gab da magariba na ji ƙarar mashin ɗinsa, na san ta cikin dubu, salansar ta fashe tun bara. Ya shigo jikinsa a sanyaye.

"Yau na ga abin tashin hankali," ya ce. "Muna shirin tashi igiyar buhu tat tsinke, nit tsaya ɗauri. Wani saurayi da munka yi salla tare yaw wuce gabana. Ban yi nisa ba nit tarar da taro. Tipa ta bar hannunta ta haye mai. Ko shurawa bai yi ba."

Ban tambayi sunansa ba. Na ce Allah ya jiƙansa, na tashi na soya wa Hamza ƙwai huɗu, abin da ban taɓa yi ba in ba baƙo aka yi ba. Ba zan ɓoye ba, murna na yi. Na kalle shi yana ci, na ji daɗi har cikin ƙashina. Sai da nake wanke kaskon wani tunani ya zo mini. Ai tambayar duka a hannuna take. Da na so, da na mai da tipar jaki. Da na sa ta bi wata hanya, ko na tashe ta da safe. Kalma ɗaya ce, ba ta fi goge suna wuya ba. Ko kusa hankalina bai je can ba.

Na ce wa raina wataƙila ba sunan ba ne. Samari nawa ke bin hanyar nan a kan mashin?

Ranar Litinin da hantsi wata dattijuwa ta tsaya a bakin shago, cikin hijabi mai ruwan toka, tana riƙe da leda. Ban taɓa ganinta ba. Ta yi sallama ta ce daga Kwalkwalawa take, an ce a nan ake rubuta takarda.

"Ɗiyata, ɗana ar rasu ran Alhamis. Makarantar da shike karatu sun ce sai an kai musu a rubuce. Ni ban yi boko ba, shi ka karanta min komi."

Na ba ta kujera. Ina da irin wannan wasiƙar a ajiye, na buɗe ta, na goge sunan mamacin da ke ciki. Yatsuna suna kan madannai, na kasa tambayar sunan ɗan nata. Ita ta zaro katin makarantarsa daga leda ta ajiye mini a gaba, ta shafe hoton da babban yatsa. Yaro siriri mai ɗan gemu, ya ɗaure fuska don hoto amma dariya na neman ƙwace masa.

"Jelani," ta ce. "Shi kaɗai gare ni."

Na buga. Firinta ta turo takardar, na nuna mata inda za ta dangwala. Ta fara kwance bakin zane, na ce ta bar shi. Ta daɗe tana kallona.

"Kina da kirki, ɗiyata. Kina da maigida?"

Na ce ina da shi.

"Allah shi bar miki shi," ta ce. "Allah shi tsare miki shi bisa hanya."

Ta tsaya tana jira. Na ce amin.