Cikin Kunkurun Mzee Ondieki

Mama Nduku na durƙushe tana zaro akwatin shara daga cikin Kunkuru, Mzee Ondieki kuwa na kan kujera yana faɗa a waya. Kunkuru shi ne sunan da suka laƙaba wa injin sharar nan mai yawo da kansa, wanda 'yarsa Moraa ta aiko masa daga Amurka bayan rasuwar matarsa. Injin ya iya shara, sai dai cikinsa bai fi kofin shayi ba, gadon bayan tsohon kuma ya daina lanƙwasuwa. Shi ya sa kullum da hantsi maƙwabciyar tasa take tsallakowa daga ƙofar da ke kallon tasa a benensu na Nairobi, ta juye sharar, ta zauna shan shayi.

Yau Moraa ta dage sai ta saya masa mazaunin da injin zai riƙa komawa yana juye cikinsa da kansa, a daina wahalar da mutane.

"Shilin dubu talatin a kan kwandon shara mai kururuwa?" in ji shi. "Kuɗi ne suka yi miki yawa?"

Da ya ajiye wayar, Mama Nduku ta ce ai yarinyar ta yi gaskiya, ita ma gwiwarta ta huta. Ƙarya take yi. Nata gidan ma shiru ne, kuma mace mai shekarunta ba ta ƙwanƙwasa ƙofar gwauro babu dalili. Kunkuru ne dalilinta, tana tsoron a raba ta da shi.

"Kin gaji da ni ke nan, Mama?"

"Da shayinka na gaji, Mzee. Ruwan zafi ne aka nuna masa madara daga nesa."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Tarin nan ne ya kai shi asibiti da damina ta kankama, bai dawo ba.

Moraa ta iso, gida ya cika da masu makoki, ana shirin kai shi mahaifarsa Kisii. Ita da Mama Nduku suna neman kwat ɗin da za a sa masa, sai suka ci karo da wani kwali a bayan barguna, ko ɓare shi ba a yi ba. Mazaunin ne. Ashe duk da faɗan ta saya ta aiko.

"Ce min ya yi yana aiki lafiya," in ji Moraa. "Har ya ce ƙararsa na firgita kyanwar maƙwabta."

Mama Nduku ta dubi kwalin. Tsohon da ba ya iya ɗaukar cokali in ya faɗi, shi ya ja wannan kaya har nan ya ɓoye. Ta zauna bakin gado ta yi kukan da ta danne a asibiti.

Da hantsi ya yi, Kunkuru ya tashi kamar kullum. Ya ratsa ƙafafun baƙi, ya tunkuyi takalman da aka tara bakin ƙofa, ya shiga ƙarƙashin kujerar Mzee, ya koma lungunsa. Mama Nduku ta durƙusa ta zaro akwatin. Ƙurar baƙi ce a ciki da ɓarɓashin burodi, da 'yan silin furfura. Ta daɗe riƙe da shi a cinyarta, ba ta nufi kwandon shara ba.