Wanda Zai Tsare Bahago

"Da kunnena na ji, Yaya. Ba labari aka ba ni ba."

"Kunnen da bai taɓa jin maganar mahaifiyarmu ba, yau shi ne ya zama shaida?"

Yayarsa ba ta ɗago kai daga keken ɗinkin ba. Allura na sauka, fanka na kaɗa guntayen yadi a ƙasa. Bahago yana tsaye a bakin shagon, kafaɗarsa jingine da ƙyaure, idonsa na kan titi.

"Ba zan je atisayen ba."

"Za ka je, ko da jan ka zan yi. Wa ya tsaya maka ranar da aka rufe ka? Ni kuka kawai na iya. Dogo ne ya shiga ya fito da kai."

"Shi ya fito da ni, shi zai mayar da ni."

Abin da ya ji bai da yawa. Jiya bayan atisaye yana cusa ƙwallaye a buhu a bayan ɗakin ajiya, sai ya jiyo muryar Dogo ta taga. Da Sajan yake magana, ɗan sandan nan da yake yawan zuwa filin ya zauna a benci yana kallon yara. "Gobe kai za ka tsare min Bahago," in ji Dogo. "Kada ka bari ko numfashi ya yi. Ina so in ga yadda zai yi."

Bahago ya san kalmar. Ita aka faɗa wa yayarsa a kan kanta a ofishin 'yan sanda, bayan faɗan tasha da aka sari wani a hannu: an tsare shi. Shi ya fito. Abokinsa Tsinke, wanda wuƙar take hannunsa, har yanzu nemansa ake yi.

Kowa ya san Dogo. Hotonsa na nan a shagunan aski, ya koɗe ya koma shuɗi, yana sama hannunsa a bakin kwando, wasu ƙatti a ƙasa suna kallonsa baki buɗe. Ya buga wa ƙasa, ya buga a waje, manya suna cewa in zai yi wasa har kasuwa takan yi shiru. Gwiwa ce ta dawo da shi gida. Yanzu da sanda yake tafiya, yatsunsa duk sun karkace, ya gyara wani tsohon filin ƙwallon kwando a bayan makarantar da aka rufe, yana tara yaran da kowa ya gaji da su: masu fizgen waya, masu haɗiyar ƙwaya, masu kwana a tasha.

To, don me Dogo yake wannan wahalar? Bahago ya daɗe yana juya wannan. Ba wanda ya taɓa ba shi ko ruwa ba tare da ya nemi wani abu ba. Tsinke kuwa tuni ya yanke hukunci. "Kaji yake kiwatawa, kai kuma kana ta cin tsaba. Ka jira ranar yanka."

Ya ciro wayarsa a nan bakin shagon. Bai ma rage murya ba.

"Tsinke, ka zo da babur da la'asar, ka tsaya bayan wayar shingen filin ta wajen bola. Kada ka kashe babur ɗin. In ka ga na tsallako, mu wuce."

Keken ɗinkin ya tsaya. Sannan ya ci gaba.

Da la'asar ya shiga filin yana duba ko'ina. Ƙofa ɗaya, wayar shinge mai rami a kusurwa, katangar makaranta da ba ta hawuwa. Yara suna ɗumama jiki, ƙwallaye na dukan siminti. Can bayan bola ya hango jar hular Tsinke.

"Ka makara," in ji Dogo. Yana zaune a kujerarsa ta roba, ƙafar mai ciwo a miƙe. "Zagaye fili."

Ya zagaya. Da ya dawo sai ga Sajan a tsakiyar fili. Ba kaki a jikinsa. Gajeren wando ne da wata tsohuwar riga mai lamba, tumbinsa ya cika ta har lambar ta baje. Yara suka ƙyalƙyale.

"Yallaɓai, an kira motar asibiti kuwa?"

"Ku yi dariya," in ji Sajan yana ɗaure takalmi. "Lokacin da nake bin wannan dogon a fili, iyayenku ko rarrafe ba su fara ba." Ya dubi Bahago. "Yau ni aka ba kai."

Bahago ya duba ƙugun mutumin. Babu ankwa. Wataƙila tana cikin jaka.

Usur ya tashi. Aka miƙo masa ƙwallo, ya karkata hagu kamar kullum, sai ya ci karo da ƙirji. Ya ja baya, ya sake gwada hagu. Ƙirjin na nan. Sajan ba ya gudu, ba ya tsalle, matsawa kawai yake yi taku guda, ya toshe hanyar da Bahago bai ma fara bi ba. Warin man zafi na tashi daga jikinsa.

"Tsare shi!" Dogo ya daka tsawa yana buga sanda a ƙasa. "Hagun nan, Sajan, tsare hagun! Bar masa dama, mu ga ko yana da hannu a can!"

Ƙwallon ta kusa suɓuce masa. Wannan ce tsarewar? Daren jiya gaba ɗaya bai runtsa ba, ya yi wa yayarsa tsawa, ya kira babur, duk a kan wani mai tumbi da aka ce ya rufe masa hagu. Dariya ta taso masa, ya danne ta. Ya mayar da ƙwallon hannun dama. Baƙuwa ce a can, tana tsalle yadda take so. Ya bi ta haka nan, ya wuce ta gefen Sajan, ya ɗaga ta a karkace. Ta daki allo, ta yi rawa a bakin kwando, ta faɗa.

Yara suka ɗauki ihu. Dogo bai yi murmushi ba, ba ya yi.

"Mummuna," ya ce. "Amma ta shiga. Duk wanda zai kara da mu a gasa ya san kai bahago ne. Sake."

A gasa. Bai taɓa ce masa yana cikin waɗanda za su je ba. Bahago ya karɓi ƙwallon, yana jin ƙirjinsa ya yi wani irin sauƙi da bai saba da shi ba. Ya tuna da Tsinke. Ya juya zai yi masa hannu ya tafi.

Mota ce a bayan bolar, ƙofofinta a buɗe. Babur ɗin na kwance, tayar baya na juyawa. Mutum biyu cikin kaki sun danne Tsinke, sun murɗe hannuwansa ta baya, jar hular tana cikin kwata. Da suka ɗaga shi ya waiwayo, ya nemo Bahago ta cikin wayar shinge.

"Kai ka kira ni!" ya yi ihu. "Kai ka ce in zo, munafuki!"

Aka tura kansa cikin mota. Ƙofa ta rufe.

Ba wanda ya ƙara buga ƙwallo. Bahago ya juyo a hankali. Sajan ya dafa gwiwoyinsa yana haki, idonsa a siminti. Dogo na riƙe da usur a baki, bai busa ba. A bakin ƙofar filin kuma ga yayarsa tsaye, igiyar awon ɗinki rataye a wuyanta, ita da ba ta barin shago sai magariba.

Ya dube su ɗaya bayan ɗaya. Ƙwallon na hannunsa na dama har yanzu.

"Wa ya gaya musu zai zo?"