Fenti a Kan Matattun Injuna

Injuna huɗu ne a kamfanin robobin lokacin da Makanike ya fara aiki. Yanzu ɗaya ke motsi. Sauran ukun da hannunsa ya yashe musu ciki, yau ya ciro bel, gobe ya kwance noti, don dai a lallaɓa na huɗun ya ci gaba da fitar da bokitai.

Manaja ɗan mai kamfanin ne, ya hau kujera tun da mahaifinsa ya kwanta ciwo. Mutum ne mai son taro. Litinin ya ce kujeru za a koma yi, Laraba ya ce kofuna, Alhamis a neme shi a rasa. In Makanike ya kai masa takardar kayan gyara sai ya ce, "Ajiye nan, ana dubawa."

Wata safiya Manaja ya sauko daga ofishinsa da gwangwanayen fenti.

"Gobe masu zuba jari za su zo. Ka shafe injunan nan. In sun tambaya, hutu muka ba su."

"Yallaɓai, ba komai a cikinsu fa."

"Cikinsu aka ce maka za su leƙa?"

Makanike ya shafa fentin, ransa a dagule. Da ya koma gida ya kasa zama wuri ɗaya, daga ɗaki zuwa ƙofa, daga ƙofa zuwa ɗaki.

"Baban yara, ka zauna ko ka fita," in ji matarsa. "Ka sa min jiri."

Washegari baƙi uku suka zo, cikinsu har da wata injiniya mai tabarau. Manaja na ta zuba bayani, ita kuwa ta wuce ta dafa inji ɗaya, fenti ya manne mata a yatsa. Ta juyo.

"Malam, ara min sifana."

Manaja ya ɗan girgiza masa kai. Makanike ya gani sarai, amma ya miƙa mata. Ta buɗe murfin. Ba komai sai yanar gizo.

Ko lemon da aka ajiye musu ba su taɓa ba suka tafi.

"Fita min daga kamfani!" Manaja ya daka wa Makanike tsawa.

Ya kai bakin get ke nan ya ji injin na huɗu ya yi tari ya mutu. Matar da ke aiki a kansa ta biyo shi tana haki.

"Yaya, wai ka dawo, in ji Manaja."

Ya tsaya, ƙafa ɗaya a titi. Mutum talatin ke cin abinci da injin nan. Ya ja tsaki ya koma.

Amma daga ranar ya fara yawon neman aiki. Bayan wata guda wani garejin gyaran famfunan ruwa ya ɗauke shi. Makonsa na ƙarshe a kamfanin ya ƙare ne yana koya wa matar da ke aiki a kan injin yadda ake ɗaure bel da sauraron ƙarar inji. Manaja bai sauko sun yi sallama ba, yana sama yana taro.