Gashin Amparo

A garinmu kowane tsohon gida da waliyyin da yake riƙo. Wasu Bitrus ne da zakaransa, wasu Magadaliya da kwalbar turarenta. Idan Mako Mai Tsarki ya zo sai a fito da su, a goge, a sa musu kaya, a ɗora a karusa a zaga gari da su ranar Babbar Juma'a. Gidan su Aling Luming kuwa Maryamu Mai Baƙin Ciki ce a hannunsu, wadda ke zuwa ƙarshen jeri a bayan gawar Ɗanta, cikin baƙin karan-miski, da wuƙar azurfa a ƙirji. Tun zamanin kakar kakarta take gidan. In kana son zaman lafiya kada ka kira ta mutum-mutumi a gaban Luming. Uwa ake ce mata a gidan.

Luming tsohuwar malamar firamare ce, shekararta sittin da takwas, kuma rabin magidantan garin sun sha rula a hannunta. Har yau in ta ɗaga gira, mai kifi a kasuwa sai ya gyara sikeli.

Ranar Talata da hantsi ta rufe tagogin ɗakin bene, ta kori ƙanenta Gorio zuwa ƙasa, don namiji ba ya tsayawa idan ana canza wa Uwa kaya. Daga ita sai Jhoana, 'yar Gorio, mai shagon gyaran gashi a bakin tasha. Suka cire farin mayafin da Uwa ke shekara a ciki. Fuska da hannaye ne kawai sassaƙaƙƙu, sauran jikin ƙirar katako ce da riga ke rufewa, kan kuma tal yake sai an ɗora masa hular gashi. Luming ta jawo akwatin gashin daga ƙarƙashin gado. Tana buɗewa warin danshi ya daki hancinta, ya danne ƙamshin kafur. Guguwar bara ta ɗage kwano biyu a rufin, an gyara, amma ba wanda ya tuna da akwatin.

Ta ɗora gashin a gwiwarta kamar yadda ta saba, ta shafa man kwakwa a tafin hannu, ta sa mataji. Matajin ya sauko da curi guda. Ta sake, wani curin ya biyo.

"Tita, tsaya," in ji Jhoana, don haka take kiran gwaggonta. "Don Allah ajiye matajin nan."

"Ke za ki koya mini taje kai? Ni na fara ɗaure miki gashi kika tafi makaranta da majina har baki."

"Na ji, Tita. Amma juya ki ga ragar ciki. Ta ruɓe. Ga asu ma sun yi gida. Kan mutum nawa nake taɓawa a rana? Wannan gashin ya gama."

Luming ta juya hular. Ragar ta buɗe a hannunta kamar jiƙaƙƙiyar takarda. 

Gashin na 'yarta ne, Amparo, ita kaɗai Allah ya ba ta. Lokacin da mijin Luming, Celestino, ya kwanta da shanyewar ɓarin jiki, yarinyar tana da shekara goma sha huɗu ta yi bakance cewa almakashi ba zai taɓa kanta ba sai uban ya miƙe, sa'annan ta ba Uwa gashin. Uban ya miƙe da sanda. Da ta cika ashirin, gashin ya wuce ƙugu, Luming da hannunta ta yanke shi a wannan ɗakin, aka kai wa masu saƙa, Fada, limamin cocin na lokacin, ya yayyafa masa ruwa mai tsarki. Bayan wata shida Amparo ta sami aiki a Manila, ta shiga jirgin ruwa, guguwa ta same su a tsakiyar teku. An tsamo wasu da rai, an tsamo wasu gawa. Ita ba a gan ta ba.

Shekara ashirin da biyu ke nan. Luming ba ta yarda an yi mata addu'ar matattu ba, ba ta yarda an rubuta sunanta a maƙabarta ba. Ranar ziyarar kaburbura kyandir ɗaya take kunnawa, na Celestino, wanda ya rasu shekara tara bayan ɓatanta. In an matsa mata sai ta ce ita ba ta ga gawa ba. Mutane suka gaji suka ƙyale ta.

Jhoana ta durƙusa kusa da ita, ta sassauta murya. "Tita, kada ki yi fushi. Tun bara na ga alama, sai na sayo wata ta waya na ajiye a shago. Ta roba ce, amma wallahi ba mai ganewa. Ba ta jin danshi, ba ta jin asu."

"Roba," in ji Luming. "Irin wadda kike liƙa wa 'yan gasar kyau? Ita za ki ɗora wa Uwar Ubangiji?"

"To da kai tal za ta fita?"

"Fita mini daga ɗaki."

Jhoana ta sauka tana share ido. Gorio, wanda duk abin da ake yi yana zaune a matakala yana saurare, ya ɗaga murya daga nan, don ko a cikin fushi bai isa ya hau ba.

"Ate Luming, me yarinyar nan ta yi miki?" ya ce, don Ate ake ce wa yaya mace a garinmu.

"Kai kuma wa ya sa da kai? Je ka ji da fitilun karusa, bara ma rabinsu ne suka kama."

"Zan je. Amma yau sai na faɗa. Shekara ashirin da biyu kina taje kan Amparo kina ce mana Uwa kike yi wa hidima. Kowa ya sani, tsoronki ne ya hana a faɗa."

Luming ta bugo ƙofar har hoton aurenta ya karkace a bango. Maganar ta yi mata zafi matuƙa, kuma abin da ya fi ci mata rai shi ne ta nemi inda ya yi ƙarya ta rasa.

Laraba gaba ɗaya ta yi ta a ɗakin da allura da zare da tabarau biyu a hanci. Ta yanko ragar gidan sauro, tana ɗaukar gashin tsinke-tsinke tana ƙullawa. Duk wanda ta ja sai ya karye. Zuwa la'asar abin da ta haɗa bai kai tafin hannu ba, wanda ya zube a siket ɗinta kuwa ya fi shi yawa. Ta tsince shi ɗaya bayan ɗaya, har wanda ya shiga tsagar katakon ƙasa, ta zuba a cikin matashin kai na alharini. Ko shinkafar da Jhoana ta ajiye mata a bakin ƙofa ba ta taɓa ba.

Ranar Alhamis da safe ta tafi coci. Fada Nestor yaro ne a idonta, shekara biyu kacal da zuwansa garin, kullum da waya a hannu da hular babur a hammata. Ta same shi yana ƙirga kujerun dattawa goma sha biyun da zai wanke wa ƙafa da yamma. Ba ta gaya masa gashin wane ne ba. Cewa ta yi kawai hular Uwa ta lalace, an tsarkake ta, yaya ake yi. Can cikin ranta so take ya ce abin da aka tsarkake ba a rabuwa da shi, a bar shi a kan Uwa ko a ɓoye ƙarƙashin mayafi.

"A'a, wannan ai mai sauƙi ne, Aling Luming," ya ce yana murmushi. "Ba a jefa shi a bola dai. Ko a ƙona, ko a binne. Tunda gashin mutum ne, ni da binnewa zan ce. Ki haƙa ɗan rami a wuri mai tsabta, ki yi addu'a, shi ke nan. Ya gama aikinsa."

"Binnewa, Fada?"

"Ƙwarai. Lafiya dai? Zauna mana, na ga kin canza."

"Zafi ne," ta ce, ta juya ta fita. Bawan Allah bai san abin da ya faɗa ba, har yana ɗaga mata hannu.

A hanya ta biya ta bakin tasha. Jhoana na wanke kan wata mata. Luming ta tsaya a ƙofa, ba ta shiga ba.

"Ki kawo abin naki gobe da sassafe. Kuma ki wanke hannu, duk warin man shafawa kike."

Washegari da sassafe Jhoana ta kawo hular, kuma gaskiya dai yarinyar ta iya aikinta. Ta ɗora hular, ta raba tsagar a tsakiya, ta sauko da igiya biyu ta gefen kunci, ta danne ƙyallin da hoda. Luming ta sa wa Uwa riga, ta kafa wuƙar azurfa, ta sa farin hankici a hannun Uwa, ta yafa baƙin mayafi. Duk aikin ba ta kalli fuskar ba ko sau ɗaya.

Da rana ta yi sanyi jeri ya tashi daga ƙofar coci. Bitrus a gaba, sauran waliyyai a baya, sai akwatin gilashi mai ɗauke da gawar Ubangiji, sai Uwa. Masu busa suna bin ta da waƙar makoki. Luming na tafe a bayan karusa ba takalmi, kamar kullum, da kyandir a hannu ɗaya da carbi a ɗayan. Tana tafe tana duban fuskokin mutane. Jira take wani ya ɗaga kai ya tsaya cak, ya ce wannan ba ita ba ce, ina gashin? Ko mutum ɗaya ma ya isa.

Ba wanda ya ce. Tsofaffi suka yi kuka kamar yadda suke yi duk shekara. Mata suka miƙa hankici aka goga a gefen mayafin aka mayar musu. Matasa suka ɗaga wayoyi sama. A kwanar kasuwa Aling Sion, mai riƙon Magadaliya, wadda ta yi shekara arba'in ba ta taɓa yabon komai na gidan su Luming ba, ta kamo hannunta.

"Luming, me kika yi mata bana? Ban taɓa ganin ta yi kyau haka ba. Gashin nan kamar na sabuwar budurwa."

Luming ta ce, "Na gode." Kakin kyandir na zuba a yatsunta, ba ta ji ba. A nan ne ta gane cewa garin ya daɗe da binne Amparo, ita kaɗai ta rage. Ta ɗaga kai a karon farko ta dubi Uwa daga baya, tana girgiza a hankali a kan duwatsun titi, tana bin gawar Ɗanta. Abin da ya zo mata ba addu'a ba ce, hassada ce tsagwaronta. A ranta ta ce, ke dai an sauko miki da naki, kin riƙe shi a cinya, kin ga inda aka sa shi. Ta ji kunyar tunanin, amma ba ta janye shi ba, haka ta bi karusar har aka koma coci.

Washegari Asabar, gari shiru, ba ƙararrawa, ba rediyo. Da rana ta fito Luming ta sauko da matashin alharinin a ƙirji, duk gashin Amparo na ciki. Gorio na shan kofi a ƙofar gida. Tun ranar Talata ba su yi magana ba.

"Akwai ragowar siminti a bayan gida?" ta tambaye shi.

Ya dubi matashin, ya dube ta. Ya ajiye kofin ya tashi.

Maƙabartarmu bango ne mai ramuka hawa-hawa, kowane da murfin siminti da suna. Na Celestino yana hawa na biyu. Mang Poldo mai gadin wurin ya fito yana miƙa, yana mitar cewa Ubangiji da kansa yau yana kwance a kabari amma shi ba za a bar shi ya huta ba. Da ya ga abin da ke hannun Luming sai ya haɗiye sauran maganar, ya ɗauko guduma da kurfi. Ya fasa ƙaramar kafa a gefen murfin, daidai shigar hannu.

Luming ta daɗe a tsaye. Ta buɗe bakin matashin, ta sa hanci, ba komai sai danshi da man kwakwar da ita kanta ta shafa. Ta naɗe shi, ta tura ciki har gwiwar hannunta ta shige, ta ajiye shi kusa da uban. Da ta zaro hannun, Gorio ya kwaɓa siminti, Mang Poldo ya toshe.

Ya ɗauko gwangwanin baƙin fenti da ɗan buroshi, ya durƙusa a ƙasan sunan Celestino.

"Sunan na sani, ajinmu ɗaya da ita a wurinki," ya ce. Ya rubuta shi a hankali. "Ranar haihuwa?"

Ta faɗa.

"Ɗaya ranar fa, Malama?"

Gorio ya buɗe baki zai taimaka, ta ɗaga masa hannu.

"Ni zan faɗa."

Ta faɗi ranar, da watan, da shekarar, a fili, kamar tana yi wa aji shifta. Ta tsaya tana kallo har ya ja lambar ƙarshe. Daga nan ta zauna a ƙasa cikin busassun furanni da kakin kyandirori, ta yi kuka irin na wadda aka kawo wa labari yanzu-yanzu. Mazan biyu suka cire huluna suka juya gefe.

Da ta sami numfashi ta share fuska da gefen siket.

"Gorio."

"Na'am, Ate."

"Ranar Litinin ka je wurin Fada. Ka ce a sa sunanta cikin na matattu."