Igiyar da Ba Ta Tsinke Ba

Da baƙi suka watse, Umma ta aiki Yaya jami'a ya kwaso kayan Auta. Tun ranar da abin ya faru magana ɗaya take maimaitawa: "Me ya hana shi sakar musu? Jaka ce fa kawai." An gaya mata ɓarayi biyu a kan babur suka fizgi jakarsa, yaron ya ƙanƙame ta, suka ja shi a kan kwalta. Har ta fara fushi da mamacin, kuma fushin ya fi kukan cin ta.

Ɗakin ɗaliban ƙarami ne: gadaje biyu, butar dafa ruwa, igiyar shanya daga taga zuwa ƙusa. Rigar Auta na nan a kai, ta bushe ta ƙandare. Abokin ɗakinsa, wanda ake kira Lauya saboda son gardama, ya miƙe tsaye.

"Yaya, sannu da zuwa. Ya ƙarin haƙuri?"

"Da godiya."

Suka shiga haɗa kaya. Lauya ya ɗaga wani cokali, ya yi 'yar dariya da ba ta kai ciki ba. "Wannan nawa ne, amma saka masa. Tun zuwanmu yake rantsuwa nasa ne. Na ce zan maka shi a kotu, ya ce in fara cin jarabawa tukuna."

Sannan ya durƙusa ya jawo jakar daga ƙarƙashin gado. 'Yan sanda ne suka dawo da ita. Kwamfutar Auta na ciki, ko ƙwarzane babu.

Yaya ya san jakar nan fiye da kowa. Shi ma an taɓa yanke masa igiyar jaka da reza a cikin cunkoso, bai ankara ba sai da ya ji kafaɗarsa sakayau. Saboda haka kafin Auta ya tafi makaranta, ya kai jakar wurin mai gyaran takalma, ya sa aka zura wayar birkin keke a cikin igiyar, aka ɗinke, aka rage tsawonta. Shi da kansa ya koya masa yadda zai rataya ta: ta kai, ta gitta ƙirji, ba a kafaɗa ɗaya kamar 'yan gayu ba.

"Yaya, wannan ai linzami ne," in ji Auta a ranar.

"Shi ya dace da kai."

Lauya ya zauna a bakin gado yana murza hannuwa. "Yaya, akwai abin da ke damuna. Kowa cewa yake ya riƙe jakar. Wallahi bai riƙe ba. Ina bayansa, da rana tsaka, a bakin ƙofar makaranta. Hannunsa biyu a sama, yana ƙoƙarin zare ta ta kai, yana ihu, ku ɗauka, ku ɗauka! Igiyar ce ta shaƙe shi. Ɓarawon da ke bayan babur ya sa reza, ta ƙi yankuwa. Na gaban ya ga mutane sun taso, sai ya ba babur wuta." Ya nuna jakar. "Ni ban taɓa ganin mugun ɗinki irin wannan ba. Ko wa ya yi shi?"

Yaya ya juya igiyar. Ga sawun reza a jikin fatar, ga waya a ƙasa tana ƙyalli, ko gezau ba ta yi ba. Aiki ya yi kyau. Ya kwashi kayan, ya yi wa Lauya sallama.

A mota ya rungume jakar a cinya. Mai gyaran takalma ya daɗe da mantawa. Lauya bai sani ba. In ya cire igiyar ya wurgar ta taga, shi ke nan, Umma za ta ci gaba da kallonsa a matsayin ɗan da ya rage mata, Auta kuma ya zauna a matsayin mai taurin kai da ya sayar da ransa kan kwamfuta. Ya sauke gilashi. Iska ta shigo. Ya daɗe a haka, sannan ya mayar da gilashin.

Ya tarar da Umma a falo tana ninke kayan da ba su buƙatar ninki. Ta ga jakar, fuskarta ta ɗaure.

"A kan wannan? Sau nawa na ce masa in an tare shi ya bayar?"

Yaya ya durƙusa ya ɗora mata igiyar a cinya, ya buɗe wurin da reza ta tsaga.

"Ya bayar, Umma. Ya ji maganarki. Ni na sa aka yi wannan."

Ta bi wayar da babban yatsa, daga farko har ƙarshe, a hankali. Ba ta dube shi ba. Ta kai igiyar ƙirjinta, ta kira Auta da muryar da take tashinsa da safe in ya makara.

Yaya ya ci gaba da durƙuso yana jira. Ba ta ce ya tashi ba.