Idon Baba Tela

Auta ya sayo sabuwar na'urar gem ya kawo shagon buga gem da suke riƙe da shi shi da yayansa, yana tafe yana hura hanci. Da aka kunna ta, Yaya ya kalli hoton minti biyu ya taɓe baki.

"Wannan ai tsohuwar ce aka sake wa kwali. Filin shi ne, 'yan wasan su ne. Ka mayar musu da abarsu yau."

Auta ko gezau. Ya jera talabijin biyu a kan tebur, ya cusa tsohuwar na'urar shagon da sabuwar a ƙarƙashi ya rufe da labule, ya kunna wasan ƙwallo iri ɗaya. Shi ya kafa sharaɗin da bakinsa: mutum uku za a gwada, in babu wanda ya nuna sabuwar ya faɗi dalili, a mayar, kuma ba zai ƙara tsoma baki a sayayyar shago ba. Nan ne abin yake da ciwo, don shekara shida ke nan ba ya faɗin komai sai "To, Yaya."

Na farko direba ne da kullum yake shagon. Ya bugi ƙirji ya nuna tsohuwar. Na biyu ya canki sabuwar, da aka nemi dalili sai ya hau sosa ƙeya. Yaya har ya jawo kwali.

Auta ya leƙa maƙwabta ya kira Baba Tela.

"Haba Auta," in ji Yaya. "Dattijon da bai san gola da alƙalin wasa ba?"

Baba Tela ya shigo da tef a wuya, ya gyara tabarau, bai ko kalli ƙwallon ba. Ya sa aka tsayar masa da ɗan wasa guda a kowane ɓangare.

"Na hagun nan ba riga ce jikinsa ba, fenti aka shafa masa. Ya juya ba ta tattare ba. Ta dama kuwa yadi ce. Ga ɗinkin kafaɗa, ga inda gumi ya manne ta a baya, ga hammata tana ja in ya ɗaga hannu. Ta dama ita ce sabuwar."

Ya koma kan keken ɗinkinsa.

Yaya ya matso har hancinsa na neman taɓa gilashi, ya daɗe a haka. Can ya ture kwalin da ƙafa, ya yi gyaran murya.

"Auta, wace irin talabijin kake ganin za ta dace da ita?"